Filin Motoci: Wai Ferrari ce ta canza fuska, ko idonmu ne bai saba ba?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan rabinsu kan Ferrari ne, wasu na fushi wasu na neman sani, to sai na ga gara in haɗa su waje ɗaya mu tattauna. Masu tambaya kan giyar Corolla da zafin lagireto ku yi haƙuri, naku na nan tafe.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni dai tun ina yaro nake son Ferrari duk da ko taɓa ta ban taɓa yi ba, hotonta ne a ɗakina, amma wallahi ranar da na ga wai sun yi jif mai ƙofa huɗu, Purosangue, sai naji duk sun fita raina. Ferrari da kai yara makaranta? Ai wannan kwaɗayin kuɗi ne kawai, sun ga Lamborghini ta yi Urus ta samu kasuwa su ma suka bi. Ko ya ka gani?
Daga wani mai karatu a Kano

Amsa: Ɗan'uwa na fahimci zafin da kake ji, kuma ba kai kaɗai ba ne, tsohon shugaban kamfanin ma Sergio Marchionne ya taɓa cewa sai dai a harbe shi kafin Ferrari ta yi jif. Daga baya shi da kansa ya sassauto, ya rasu a 2018, motar kuma ta fito a watan Satumban 2022. Maganar kuɗi gaskiya ka faɗa, ba kamfanin da ke ƙera mota don Allah da Annabi. Porsche ta fitar da Cayenne a 2002 mutane suka yi ta zagi, ƙarshenta ita ta riƙa cika musu aljihu har suka ci gaba da ƙera motarsu ta gudu 911 hankali kwance. Lamborghini kuwa a 2023 motoci 10,112 suka sayar, sama da 6,000 a ciki Urus ne, kaga ai yanzu jif ce ke riƙe da gidan.

Amma fa kar ka haɗa Purosangue da Urus a kwando ɗaya, nan ne ban yarda da kai ba. Urus in ka ɗaga rigarta, ƙashin jikinta ɗaya ne da na Audi Q8 da Bentley Bentayga da ita Cayenne ɗin, duk 'yan gidan Volkswagen ne, injinta V8 ne, wato mai filogi takwas, mai turbo biyu wanda 'yan uwanta ma suna amfani da irinsa. Mota ce mai gudu sosai ban musa ba, amma aro ta yi. Ita Purosangue daga tushe Ferrari suka ƙera abarsu a Maranello, garin da masana'antarsu take, suka sa mata V12 mai lita 6.5 ba turbo ba batirin taimako, ƙarfin doki 725, injin suka tura shi can baya da tayoyin gaba har ya kusa shiga ƙarƙashin gilashi, giya kuma suka kai ta baya don nauyi ya rabu kusan daidai, 49 gaba 51 baya. Wannan tsarin motar tsere ne. Shi ya sa in ka kalle ta daga gefe zaka ga bonet ɗinta dogo, ɗakin zaman ya ja baya ya zauna kan tayoyin baya, tsayinta bai kai mita 1.6 ba, ba ta da wannan tsayuwar ta akwati irin ta jif ɗin da muka saba gani a jerin gwanon manya. Kujeru huɗu ne rak kowa da tasa, ba benci a baya balle a ce a matsa a sa mutum na biyar. Ƙofofin baya ma ta baya suke buɗewa, wato maƙalarsu na can wajen tayar baya, dabarar da ta sa ba sai an tsawaita motar ba kafin mutum ya shiga a sake.

Kuma batun wai Ferrari ba ta ɗaukar iyali, ai ba yau aka fara ba. Tun 1960 suna da 250 GTE mai kujera huɗu, a 2011 suka yi FF mai jan taya huɗu, sai GTC4Lusso a 2016. Abin da bai taɓa faruwa ba shi ne ƙofa huɗu, shi kenan. Sannan sun ce ba za su bari ta wuce kashi 20 cikin 100 na motocin da suke fitarwa a shekara ba, alhali duka duka abin da suke ƙerawa a shekara bai kai 14,000 ba. In sun riƙe wannan alƙawari to ni ban ga cin amana ba. Ranar da suka karya shi, ka sake rubuto min, tare za mu yi fushin.

Tambaya: Dan Allah dokin nan da ke jikin Ferrari da na jikin Porsche ɗaya ne? Mun yi musu da abokina, shi yace kamfani ɗaya ne suka rabu.
Daga Zinder

Amsa: Kai ka ci musun, ba su taɓa zama kamfani ɗaya ba. Ferrari 'yar Italiya ce, Porsche 'yar Jamus. Dokin Porsche daga tambarin birnin Stuttgart aka ɗauko shi, garin da kamfanin yake, kuma garin asalinsa wurin kiwon dawaki ne. Na Ferrari labarinsa daban. Akwai wani matuƙin jirgin yaƙi ɗan Italiya a yaƙin duniya na ɗaya, Francesco Baracca, wanda ya zana baƙin doki a tsaye kan ƙafafun baya a jikin jirginsa, an kashe shi a 1918. A 1923 Enzo Ferrari wanda ya kafa kamfanin, lokacin shi kansa direban tsere ne, ya ci wata gasa a kusa da Ravenna ya haɗu da mahaifin Baracca, daga baya mahaifiyar ta ce masa ya sa dokin ɗanta a motocinsa zai kawo masa sa'a. Enzo ya ƙara masa ruwan ɗorawa a baya saboda launin garinsu ne Modena. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, dokin ya fara hawa jikin mota ne a 1932, kuma motocin Alfa Romeo ne, don a lokacin Enzo ƙungiyar tsere kawai yake da ita, motarsa ta farko mai sunansa, 125 S, sai 1947 ta fito.

Tambaya: Yallaɓai ni damuwata ba jif ba ce, fuskar motocin nasu na yanzu ce. Wannan baƙin layin da suka shimfiɗa a gaban 12Cilindri da F80 kamar mutum ya sa baƙin tabarau, ni kam bai min ba ko kaɗan. 458 ta fi su kyau nesa ba kusa ba. Ni ne na tsufa ko kuwa da gaske wani abu ya canza?
Daga wani bakanike a Kaduna

Amsa: Maigida kai ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi, kuma da za'a tambaye ni abin da ya kamata masoya Ferrari su damu da shi, to wannan ne, yawan ƙofa ƙaramin abu ne a kansa. Da gaske wani abu ya canza kuma yana da rana yana da dalili.

Shekara kusan 60 Ferrari ba su suke zana jikin motocinsu ba. Su dai injin da ƙashi, zanen jiki kuwa wani kamfani ne a yankin Turin mai suna Pininfarina. A 1951 aka ƙulla abin, ana ba da labarin cewa Enzo ya ƙi zuwa Turin, shi ma Battista Farina mai kamfanin Pininfarina ya ƙi zuwa Maranello, kowa na ji da kansa, sai aka haɗa su a wani gidan abinci a garin Tortona da ke tsakani. Daga nan kusan duk Ferrarin da ka taɓa gani zuciyarka ta buga, Daytona ta 1968, Testarossa ta 1984 mai zara-zaran layuka a gefe, F40 ta 1987, 550 Maranello ta 1996, har 458 Italia ɗin da ka ambata ta 2009, duk hannun Pininfarina ne. Kamar mutumin da ya shekara 60 tela ɗaya ke masa ɗinki ne, ko daga nesa ka hango babbar rigar ka san ta wane ce tun kafin ka ga fuska, rana ɗaya sai ya sayi keke ya ajiye tela a cikin gida. A 2010 suka buɗe nasu sashen zane suka ɗora Flavio Manzoni a kai, LaFerrari ta 2013 a gida aka zana ta, F12berlinetta ta 2012 kuwa ita ce kusan ta ƙarshe cikin manyan motocin da Pininfarina ya sa wa hannu.

To me ya bambanta? Ka samu hoton 458 ka sa yatsa daga kan fitilar gaba ka bi ta saman taya, ka gangara ƙofa, ka hau ƙugun baya, zaka ga layi ɗaya ne bai katse ba, kuma ramukan shan iska duk an ɓoye su, na injin ma can bayan gilashin gefe aka lallaɓa aka saka ƙanana. Yanzu yi haka da F80. Yatsanka ba zai yi nisa ba zai faɗa rami, ko ya ci karo da kusurwa, ko fenti ya yanke baƙi ya karɓa. Dalilinsu shi ne iska, motar tana samun nauyin kusan tan guda da iska ke danna ta ƙasa in tana gudun kilomita 250, kuma wannan ba ya samuwa sai an huda jiki ta ko'ina. Na yarda da hujjar a F80 don ita kusan motar tsere ce aka ba lambar hanya. Amma 12Cilindri fa? Ita ai motar doguwar tafiya ce, magajiyar 812 da 550, kyau na cikin aikinta.

Baƙin layin nan da ka ce, daga Daytona suka ɗauko shi. Daytonar farko tana da wani gilashin roba da ya ratsa gabanta daga wannan gefe zuwa wancan, fitilu na ƙarƙashinsa, wato aiki yake yi, rufin fitila ne, har dokar Amurka ta sa aka cire shi a 1971 aka koma fitilu masu buɗe ido. A 12Cilindri da ta fito a 2024 layin tuna baya ne kawai, ado ne. Kuma da suka sake maimaita shi a F80 sai ya zama kamar so ake a mayar da shi sabuwar fuskar gidan ko ana so ko ba'a so. Haka suka yi da fitilun baya, zagayayyun fitilun nan da yaro ma ya san na Ferrari ne in ya gan su da dare, a 12Cilindri sun koma siraran layuka irin wanda kowace sabuwar mota ke da shi yanzu har na China. Wannan ya fi min ciwo fiye da layin gaban wallahi, don abu ne nasu da ba wanda ya ƙwace musu, su suka ajiye da kansu.

Sai dai in yi adalci, mutanen Manzoni sun iya aiki in sun natsu. Roma ta 2019 a gida aka zana ta kuma mota ce mai sanyin kallo ba hayaniya a jikinta, 296 GTB ma ƙugunta da suka ɗauko daga 250 LM ya zauna ɗas. Kenan iyawa akwai, zaɓi ne suka yi. Ba tsufa ke damunka ba maigida, ido gare ka.

Tambaya: Malam ni mace ce amma ina bin tseren Formula 1 sosai musamman yanzu da Lewis Hamilton ya koma Ferrari. Tambayata, in Ferrari ba ja ba ce anya ta cika Ferrari? Na ga wata shuɗiya sai naji kamar ba ita ba.
Daga wata 'yar'uwa a Abuja

Amsa: 'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, kuma ki daina cewa "amma", filin na kowa ne. Jan nan asalinsa ba na Ferrari ba ne, na ƙasar Italiya ne. A farkon tseren motoci kowace ƙasa da launinta, Faransa shuɗi, Birtaniya kore, Jamus fari daga baya ruwan azurfa, Italiya ja, shi ya sa Alfa Romeo da Maserati ma ja suke shiga tsere. Ferrari ce dai ta riƙe shi ba ta saki ba lokacin da sauran suka koma fentin masu tallafa musu da kuɗi, har ya zama in an ce ja sai a tuna ta. Launin da Enzo ya zaɓa da hannunsa shi ne ruwan ɗorawan da ke bayan dokin.

Kuma tunda kina bin tsere ga wani abu. A 1964 Enzo ya yi faɗa da hukumar tseren motoci ta Italiya, ya yi fushi ya ce motocinsa ba za su ƙara sa launin ƙasar ba, tseren biyu na ƙarshe a Amurka da Meziko da fari da shuɗi suka shiga, kuma a cikin wannan fentin John Surtees ya zama zakaran duniya. Fushin bai daɗe ba suka dawo ja. A motocin hanya kuwa a da kusan kowa ja yake saya, F40 ma ja kawai kamfanin ya riƙa fitar da ita, amma yanzu jajayen ba su kai rabi ba. A nawa ganin ƙananan masu injin a tsakiya ja ya fi karɓarsu, manyan masu dogon bonet kuwa shuɗi mai duhu ko ruwan toka ya fi fito da layukan jikinsu, don ja yana ɗauke ido ya hana ka ganin inda ƙarfe ya lanƙwasa.

Tambaya: Ya za'a yi motar da ta fi kowace tsada a gidan, F80, a sa mata filogi shida kamar Camry? Ina V12 ɗin da ake ta kuri da shi?
Daga Maraɗi

Amsa: Wannan ƙorafin ya zaga duniya ranar da aka nuna ta a watan Oktoban 2024, mota 799 kacal za'a ƙera, kowace kuɗinta ya haura Yuro miliyan 3 da rabi, sai ga V6 mai lita 3. Amma bari mu bi jerin manyan gidan. 288 GTO ta 1984 V8 ce mai turbo, F40 ma haka, kuma F40 ce mota ta ƙarshe da Enzo ya amince da ita kafin ya rasu a 1988, ba wanda ya isa yace ba Ferrari ba ce. F50 da motar da aka sa wa suna Enzo da LaFerrari su ne masu V12. Abin da ya haɗa su duka shi ne kowace tana ɗaukar fasahar da ake tsere da ita a zamaninta, a yau kuwa motocin Formula 1 V6 ne masu turbo da taimakon lantarki, haka motar tserensu 499P da ta ci tseren awa 24 na Le Mans a 2023 ta sake ci a 2024, kuma daga injinta aka samo na F80. Da injin da lantarkin gaba ɗaya ƙarfin doki 1,200 take bayarwa, to batun Camry bai taso ba.

Shi kansa V6 tsoho ne a gidan. Ɗan Enzo, Alfredo da ake kira Dino, yana cikin aikin irin wannan injin ya rasu a 1956 yana ɗan shekara 24, uban ya sa wa motocin V6 ɗin sunan Dino, kuma ko tambarin Ferrari ba'a sa musu ba a lokacin, yau ga shi masu tara tsofaffin motoci na rububinsu. Inda nake tare da kai shi ne sauti. V12 mara turbo irin na 12Cilindri da ke juyawa har 9,500 a minti, in aka taka totur kukan hawa yake yi yana siranta har sai ka ji tsigar jikinka ta tashi, turbo kuwa yana cinye wannan kukan tun kafin ya iso salansa. Mutumin da ya biya wannan maƙudan kuɗi yana da haƙƙin ya so kunnensa ma ya amfana, kuma a nan F80 ba ta kai LaFerrari ba.

Tambaya: Gaskiya ne Ferrari na kai mutum kotu in ya canza wa motarsa kama? To mu masu liƙa sitikar doki a Keke Napep fa?
Daga wani ɗan sahu a Kano

Amsa: Kai dai ci gaba da neman halak ɗinka, ba wanda zai biyo ka Kurna kan sitika. Amma eh suna da tsanani kan tambarinsu. A 2014 wani mai kiɗa ɗan Kanada ya lulluɓe 458 ɗinsa da zanen kyanwa, ya cire dokin ya sa tambarin kyanwa mai kama da shi, lauyoyin kamfanin suka aika masa takarda ya cire. Canza tambarin ne ya fi tsone musu ido, fenti kam mai mota na da damarsa. Sannan motoci irin su F80 kuɗi kaɗai ba ya saya, su suke zaɓar wanda za su sayar wa cikin tsofaffin kwastomominsu.

Abin da ke ɗaure min kai shi ne kamfanin da ke wannan kishin shi ne kuma ke sayar da hula da riga da turare da agogo masu dokin, ga wurin wasa da suka buɗe a Abu Dhabi a 2010, a 2021 ma har kayan sawa na gayu suka fara fitarwa da bikin nuna su a cikin masana'antar Maranello. Ko garkuwar nan ruwan ɗorawa da kake gani a gefen motar bayan tayar gaba, a yawancin motocinsu ba kyauta take zuwa ba, sai mai saye ya ƙara kuɗi a manna masa. In akwai abin da zai rage wa dokin nan kwarjini to irin wannan ne, don sitikarka ta naira ɗari biyu kowa ya san so ne ya sa ka liƙa, su kuwa da hannunsu suke ɗora shi kan kwalbar turare.

Masu tambaya kan Lamborghini da yadda mai ƙera tarakta ya koma ƙera motar gudu bayan saɓaninsa da Enzo kan kuloci, wannan sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.